Na Zaune Bai Ga Gari Ba: Tarihin Hausawan Kurmi Kamar Yadda Na Gan Shi a Hutun Shekara Guda



Da yawanku kun san cewa bara na ɗauki hutun shekara guda daga wurin aiki, hutun da babu albashi a cikinsa. Hawan jini ne ya matsa mini, likita ya ce in rage zaman kujera da shiga cunkoson safe da yamma, in riƙa taka ƙasa. Na je gida na yi wata guda wurin tsofaffi, sannan na dawo saboda karatun yara. Sauran watannin kuwa yawon gari na yi da su, kuma tun da na dawo bakin aiki wasu ke tambayata abin da na gani. Wannan rubutu shi ne amsar.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Na haura shekara ashirin a Ikko, amma abin da na sani na garin bai wuce hanyar Agege zuwa ofis ba, sai kasuwar Mile 12, sai tashar da muke hawa motar Arewa. Ana cikin wannan hutu sai 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida: an ce kowane ɗalibi ya rubuto tarihin zuwan mutanensa Legas. Ta zo wurina da biro da takarda, don a ganinta wanda yake riƙe da littattafan ƙungiya ai ba zai rasa amsa ba. Na buɗe baki na ce mata kasuwanci ne ya kawo mu, daga nan magana ta ƙare mini. Ta ce, "Baba, yaushe?" Na ce ta bari sai gobe. Wannan goben ce ta ci mini wata goma.

TSIBIRIN IKKO

Na fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Abin da ya fi jan mutanenmu a can shi ne motar Janar Murtala Muhammed, baƙar Marsandi da aka harbe shi a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, har yau ga hujojin harsashi a jikinta. Na daɗe a tsaye a gabanta. Daga nan ƙafa za ta kai ka Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa na Turawa, inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960. Na sha wucewa ta wurin a motar BRT, ban taɓa sauka na duba ba.

Amma abin da ya buɗe mini ido wani gini ne a cikin tsibirin da ake kira zauren Glover. Na karanta sunan a jikin bango, na koma gida na shiga bincike, sai ga shi ashe sunan yana haɗe da namu.

John Hawley Glover hafsan sojan ruwan Ingila ne. A 1857 yana cikin wani jirgin ruwa mai suna Dayspring da ya farfashe a kan duwatsu kusa da Jebba, abin da ya sa ya bi ta ƙasa tsakanin kogin Kwara da bakin teku, ya san hanyar da mutanen da ke kanta. A wancan zamani akwai Hausawa da yawa a ƙasar Yarbawa, wasu fatake, wasu malamai, da yawa kuma bayi ne da yaƙe-yaƙe suka jefo Kudu. Ingila ta karɓe Ikko daga hannun Oba Dosunmu a 1861, kuma a 1863 Glover ya tara mutum 18 ya kafa 'yar runduna da aka riƙa kira Hausawan Glover. Yawancin waɗanda suka shiga rundunar a farkonta bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu, suka ga kaki ya fi musu ƙangi. Rundunar ta yi ta girma tana sauya suna, har Glover ya tafi da su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Rundunar sojan Nijeriya ta yau daga wannan shekara ta 1863 take ƙirga shekarunta.

Ku lura da lissafin. Ba a raɗa wa ƙasar sunan Nijeriya ba sai 1897, haɗewar Kudu da Arewa kuma sai 1914. Ke nan akwai Hausawa masu gida da iyali a Ikko shekara 34 kafin a raɗa wa ƙasar suna, shekara 51 kafin a haɗa ta.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Wannan runduna ta Turawa ce, da ita da magadanta suka ci garuruwan Kudu da yawa da yaƙi, daga baya kuma suka juya da ita Arewa, har ta shiga Kano da Sakkwato a 1903. Wanda zai ba da tarihin kakanninsa ya kamata ya ba da shi da daɗinsa da ɗacinsa.

Daga zauren Glover na hau danfo zuwa Obalende. Mu dai mun san ta da tsire da tashar mota, amma asalin unguwar matsugunin waɗannan sojoji ne da iyalansu, bayan an tashe su daga inda suka fara zama. Yarbawa suna fassara sunan da "inda sarki ya koro mu". A gefenta Barikin Dodan yake, fadar shugabannin mulkin soja tun daga Janar Gowon har zuwa 1991 da Janar Babangida ya koma Abuja. Sunan Dodan kansa daga Bama aka zo da shi, inda sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙin duniya na biyu, lokacin da Hausa ce harshen bariki, har wanda ba Bahaushe ba sai ya koye ta kafin ya ji umarni.

MASALLACIN SHITTA DA MUTANEN BURAZIL

Wata Alhamis na yi azahar a masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Ƙaramin masallaci ne in an gwada shi da babban masallacin Juma'a na tsibirin, amma ginin gabansa ba irin wanda ido ya saba gani ba ne. Attajiri Muhammadu Shitta ne ya gina shi da kuɗinsa, aka buɗe shi a 1894. Sarkin Istanbul, Sultan Abdulhamid na biyu, ya aiko da wakili, wani Bature Musulmi daga Liverpool mai suna Abdullahi Quilliam, ya kawo wa Shitta sarautar Bey. Maginin da ya jagoranci aikin kuwa yana cikin waɗanda suka dawo daga Burazil.

Su waye waɗannan mutanen Burazil? A nan ma sai ga mu. A farkon ƙarni na 19, yaƙe-yaƙen jihadi a Arewa da rushewar daular Oyo sun jefa dubban mutane a hannun masu cinikin bayi, aka gangaro da su bakin teku aka loda su a jirage zuwa Bahia. Akwai Hausawa da yawa a cikinsu, kuma hukumomin can sun san su da taurin kai. A 1807 an gano wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador, a 1814 suka sake tayarwa. Babban tawayen shi ne na watan Janairu 1835, a ƙarshen azumi, wanda Musulmi Yarbawa suka fi yawa a cikinsa, da Hausawa a tare da su. An samu layu da takardun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan an murƙushe su aka koro wasu, wasu kuma suka fanshi kansu suka biyo jirgi suka dawo. Zuriyarsu ce ake kira Aguda a Ikko, suka zauna a wajen dandalin Campos, suka zo da sana'ar gini da kafinta.

Na zaga unguwar ina neman wani tsohon gida da na gani a hoto, Ilojo Bar, kusa da dandalin Tinubu, ginin Aguda na tsakiyar ƙarni na 19 da gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa. Na tarar babu shi. An rushe shi a watan Satumba 2016. Na tsaya ina tunani: gidan da ke da takardar kariya ta gwamnati ke nan ya tafi a yini guda, to ina ga tarihinmu da ba ya jikin bango, yana bakin tsofaffi kawai?

BADAGRY

Na hau sabon jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mile 2, daga nan na shiga mota zuwa Badagry. Masu yawon buɗe ido suna zuwa ne don su ga benen da 'yan mishan suka gama a 1845, da sarƙoƙin bayi, da kurkukun Seriki Abass inda ake tsare mutane kafin jirgi ya zo. Daga nan a sa ka a kwalekwale a tsallake da kai Gberefu, ka taka rairayi har bakin teku, hanyar da wanda ya bi ta ba ya dawowa. Tafiyar ba ta da tsawo sosai, amma na yi ta da nauyin zuciya, don na riga na san cewa cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓar teku akwai masu jin harshen da nake yi wa 'ya'yana magana da shi. Na kuma san cewa cikin masu kamawa da sayarwa tun daga can sama akwai namu.

Ko kalmar Seriki da ke jikin sunan mai kurkukun, ai sarki ce ta Hausa ta shiga bakin Yarbawa, kamar yadda albasa ta zama alubosa, lafiya ta zama alafia. Harshe ba ya aron kalma daga baƙon kwana ɗaya.

A Badagry ne kuma na ci karo da labarin wani Bagobiri mai suna Abubakar. An kama shi an sayar, aka sa shi a jirgin bayi, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin suka 'yanta shi, ya zama ma'aikacin jirgi, Turawa suna kiransa William Pascoe. Da Hugh Clapperton zai koma wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai ya ɗauke shi tafinta. Daga Badagry suka tashi a Disamba 1825, suka ratsa ƙasar Yarbawa da Nupe har Kano da Sakkwato, inda Clapperton ya mutu a 1827. A 1830 Abubakar ya sake bin Richard Lander da ƙanensa a tafiyar da ta tabbatar wa Turawa inda kogin Kwara yake shiga teku. A makaranta an koya mana sunan Lander. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa bakin da ya yi masa magana da sarakuna a hanya na mutumin Gobir ne.

GORO DA DOGO

Tambayar 'yata ta gaskiya ita ce me ya tara mu a Agege, kuma amsarta tana cikin abu biyu: goro da jirgin ƙasa.

Ɗaruruwan shekaru goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja yake zuwa, a arewacin Gana ta yau. Fatake su haɗa ayari ƙarƙashin madugu, da jakuna da 'yan alaro, su yi watanni a hanya kafin su kai kasuwar Salga. Yaƙin 1874, wanda Hausawan Glover suka yi wa Turawa, ya karya ƙarfin Asante a kan wannan hanya, yaƙin basasa kuma ya watsa Salga a 1892. Sai goro ya fara bin teku: a loda shi a Akra a sauke a Ikko. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci ta ruwa kafin ya koma Kano ya shiga cinikin gyaɗa.

Ana haka sai dogo ya zo. Layin Ikko zuwa Badun ya fara aiki a 1901, a 1912 kuma aka buɗe zirga-zirga har Kano. Kafin a gama gadar Jebba, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragai a tsallake da su. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Manoman Yarbawa da suka ga kasuwar da goro yake da ita a Arewa sai suka shiga dasa irin na Gwanja a gonakin Agege da Ota, daga baya ya bazu ƙasar Egba da Remo. Har yau sunan da suke kiran wannan iri da shi gbanja ne, wato Gwanja. Duk inda goro ya yi yawa kuma akwai tasha ko babbar hanya, sai Hausawa su kafa zango: masu saye, masu tsincewa, masu ɗaurin huhu, masu dako, sannan malami da mahauci da mai abinci su biyo baya. Haka Zangon Agege ya samu, haka Sabon Shagamu ya samu.

Na je Shagamu na kwana biyu a Sabo. Na zauna a rumfar wani dattijo ina kallon yadda ake shimfiɗa ganye ana jera goro, ana fitar da mai tsutsa kada ya ɓata saura. Na ce masa, "Baba, wa ya fara zuwa nan a gidanku?" Ya ce kakansa. Na ce a wace shekara? Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa yake rubuta shekara? Wanda ya san wannan ai mun binne shi." A ranar na sayi littafin rubutu, na daina dogara da ƙwaƙwalwata.

SABON BADUN

Zuwa Badun na hau sabon jirgin da aka buɗe a 2021, daga Ebute Metta zuwa Moniya. Na fara da hasumiyar Bower a kan dutsen Oke Are, wadda aka gina a 1936. Matakalarta a murɗe take kuma ƙunci gare ta, mai hawan jini sai ya huta a hanya, amma in ka kai sama za ka ga garin gaba ɗaya, jajayen rufin kwano har iyakar ganinka. Daga can ana hango zauren Mapo na 1929 da Cocoa House na 1965, benen da kuɗin koko ya gina.

Da na sauko sai na nufi Sabo, kusa da Mokola. Yau an fi saninta da 'yan canji da tsire, amma ita ce unguwar Hausawan Kurmi da tarihinta ya fi kowace samun rubutu. Kafin a kafa ta, Hausawa a cikin gari suke sauka a gidajen Yarbawa. A 1916 aka ware musu wannan fili, aka ce duk Bahaushe ya koma can ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya.

Abin da ya bayyana shi ne yadda mutanen da ba su da banki, ba su da lauya, ba su da takardar yarjejeniya suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Saniya ba ta daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando da sammore, dole a sayar da ita da wuri. Mahautan Yarbawa kuma ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar. Saboda haka a bashi ake cinikin. Mai shanu ya zo daga Arewa bai san kowa ba, sai ya sauka wurin maigida. Maigidan ne zai ba shi ɗaki da abinci, ya sa dillalansa su nemo mai saye, ya tsaya a kan bashin, in mahauci ya gudu shi zai biya daga aljihunsa. Goro ma haka: maigida ya saya wa attajirin da ke Kano, ya sa a ɗaure, ya loda, kuɗi su biyo baya. Jarin maigida sunansa ne. Ranar da aka ce ya ci amanar baƙo, labari zai riga shi isa Arewa, gidansa ya mutu.

A farkon shekarun 1950 ɗariƙar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwar, mutanen Sabo suka fara yin Juma'a a nasu masallacin. Cohen ya nuna cewa wannan ya ƙara ɗaure su wuri guda a daidai lokacin da mulkin Turawa yake ƙarewa, siyasar jam'iyyu tana shigowa, ikon Sarkin Hausawa yana raguwa.

Na tambayi matasa da dama a Sabo ko sun san an yi littafi a kan unguwarsu. Ban samu wanda ya taɓa ji ba. Ɗalibai a ƙasashen Turai suna cin jarrabawa da labarin kakanninsu, su kuwa suna zaune a ƙofar gidajen da aka yi labarin a ciki.

LAKWAJA DA INUGU

Duk mun san Lakwaja a matsayin wurin da motar dare take tsayawa a ci kifi a yi sallah. Wannan karon na sauka na kwana uku. Na hau dutsen Patti na ga inda Kwara da Binuwai suke haɗuwa, kowane da launin ruwansa kafin su gauraya. A garin nan ne ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfanin Royal Niger, Lugard ya karɓi mulkin Arewa da sunan Ingila.

Abin da ya kai ni shi ne kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kawo nan. Sarkin Kano Alu yana Sakkwato lokacin da Kano ta faɗi a Fabrairu 1903. Aka kama shi, aka kai shi Yola, daga baya aka dawo da shi Lakwaja, inda ya zauna har rasuwarsa a 1926. Sarkin Zazzau Kwasau ma nan aka kawo shi. Wanda Turawan suka naɗa a madadinsa, Aliyu ɗan Sidi, shahararren marubucin waƙoƙi, shi ma daga baya suka tuɓe shi suka kawo shi garin, ya rasu a 1924. A unguwar Kabawa na yi musu addu'a. Mutanen da aka yi wa tambari da algaita, ga su kwance a tsakiyar unguwa, yara suna wasa a gefe, motocinmu kuma suna wucewa kowane dare ba mu sani ba. Sarautar garin ma Maigari ake ce mata.

Tafiyata ta ƙarshe Inugu ce, garin da kwal ya kafa bayan an gano shi a 1909, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949. Abin da nake so matasanmu su riƙe shi ne magajin garin Inugu na farko, Malam Umaru Altine, Bafulatani ne daga lardin Sakkwato. Fataucin shanu ya kai shi, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe, mutanen garin suka zaɓe shi a shekarun 1950, ya riƙe kujerar har 1958. Da ƙuri'a ya hau, kuma akasarin masu ƙuri'ar Inyamurai ne.

ABIN DA NA DAWO DA SHI

Kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya ce sakatare ya ce Ikko ko Badun tamu ce. Garuruwan nan suna da masu su, suna da sarakunansu da tarihinsu da ya girmi zuwanmu, kuma sun karɓi kakanninmu sun ba su wurin zama. Ni kaina na ji kunyar yadda na shekara ashirin ina cin abinci a garin mutane ban san ko sunan sarkin da Turawa suka karɓi garin daga hannunsa ba.

Amma mun ga abin da ya faru a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha a 2021. Duk lokacin da fitina ta tashi, magana ɗaya ake jefo mana, cewa jiya muka zo. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin haka ba su da abin cewa, in sun je Arewa kuma a kira su 'yan Kurmi. Yaron da ya san kakansa ya ɗaure goro a Agege tun zamanin da dogo yake sabo, ya kuma san cewa amana ce ta zaunar da kakan nasa a cikin mutane lafiya, zai tsaya da ƙafarsa ba tare da ya raina mai gari ba.

Don haka ina da roƙo biyu. Na farko, duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, ya zauna da su a wannan mako, ya kunna rikoda ta waya, ya tambaye su: wa ya fara zuwa, daga wane gari, da wace sana'a, a gidan wa ya sauka. Tsofaffin hotuna, rasiɗin haraji, takardar fili, wasiƙar ajami, kada a zubar, a ɗauki hotonsu a turo mini, zan buɗe musu fayil a ofishin ƙungiya. Na biyu, zan gabatar wa shugabanni a taro mai zuwa da shawarar mu ɗauki yaranmu a hutun makaranta mu kai su Onikan da masallacin Shitta da Badagry. Kuɗin mota ne da na shiga, bai fi ƙarfinmu ba in an haɗa hannu.

'Yata ta riga ta miƙa aikin gidanta tun tuni da 'yan layuka uku da ta samu daga wurina a lokacin. Littafin da na cika a wannan yawo yanzu yana hannunta, tana kwafe shi da kyakkyawan rubutu, tana gyara mini inda na yi gaggawa.

Inda na yi kuskure, manyanmu da ke wannan zaure su gyara mini, wanda kuma yake da ƙarin bayani a kan unguwarsu ya kawo mu ƙaru. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.

Wassalamu alaikum.
Naku, Sakatare.